Kundin aikin ɗan littafi a kan aikatau “go” na Turanci

6 ga Janairu, 2025

An fara aiki yau. Abin da ake so a fitar shi ne ɗan littafi mai shafi 24, girman rabin takardar A4, a kan aikatau ɗaya tak na Turanci, wato *go*, da bayani cikin Hausa. Waɗanda aka yi wa shi su ne 'yan aji biyar da aji shida na sakandare masu shirin WAEC da NECO, da manya masu zuwa ajin yamma. Za a haɗa da gajerun sautuka da za a riƙa turawa ta WhatsApp.

An zaɓi *go* ne saboda kowane ɗalibi yana ganin ya gama saninsa tun firamare: *go*, tafi, shi ke nan. Wannan sanin rabi da rabi shi ke hana a sake duba shi, alhali da wuya a rubuta insha'i na shafi guda ba a yi amfani da shi ba. Tsarin farko: a jera ma'anoninsa ɗaya bayan ɗaya yadda ƙamus ke yi, kowace ma'ana da misali biyu da fassara.

9 ga Janairu

An tattara tsofaffin takardun insha'i na zangon da ya wuce, an tsamo duk jimlar da *go* ya fito a cikinta ba daidai ba. Kurakuran ba barkatai suke ba, suna maimaita kansu. Mafi yawa shi ne *went* bayan *did*, irin su *Did you went?* da *I didn't went*. Sai *go to home*. Sai cakuɗa *gone* da *been*, da *go* da *come*. Sai kuma *I going to* da *I will going*. Kusan babu wanda ya yi kuskure a ma'anar kalmar ita kanta. Duk rikicin yana cikin siffarta da abin da ke biye da ita.

13 ga Janairu

An rubuta babin asalin kalma, shafi uku. Akwai masu ganin tarihi ba ya kawo maki a jarrabawa, amma a nan yana da amfani na zahiri, domin shi kaɗai ke amsa tambayar da ɗalibai suka fi yi: me ya haɗa *go* da *went*?

A Tsohon Turanci, wanda aka yi magana da shi a Ingila daga wajen shekarar 450 zuwa wajen 1150, kalmar ita ce *gān*, da dogon wasalin a. 'Yar'uwar *gehen* ce ta Jamusanci da *gaan* ta harshen Holan. Wannan dogon a ɗin ya rikiɗe ya koma o a kudancin Ingila, kuma ba a wannan kalma kaɗai ba: *stān* ta zama *stone*, *hām* ta zama *home*, *bāt* ta zama *boat*. A Sikotland canjin bai bi wannan hanya ba, shi ya sa har yau a harshensu ake jin *gae*, *stane*, *hame*.

Shuɗaɗɗen lokacin *gān* a wancan zamani *ēode* ne, wanda daga baya ya zama *yede* ko *yode*. *Went* kuwa na wani aikatau ne daban, *wendan*, mai ma'anar juyawa ko karkatawa zuwa wani gefe. *Wend* da *went* sun bi sawun *send* da *sent*, *bend* da *bent*, *spend* da *spent*. A cikin ƙarni na 15 *went* ya ture *yede* ya zauna a gurbinsa. Wato *went* agola ne a gidan *go*, ba haifaffen gidan ba. Shi kuma *wend* da aka raba da nasa sai ya samo sabo, *wended*, kuma yanzu da ƙyar ake jinsa sai a cikin *wend one's way*.

Don kada ɗalibi ya ɗauka wannan wani bambaraƙwai ne na Turanci kaɗai, an kawo misalai daga harsunan da ya riga ya sani. Wanda ya yi Islamiyya ya san *ja'a*, ya zo, amma in za a kira mutum *ta'al* ake cewa. Masu karatu da Faransanci a Nijar sun san *aller* da *je vais* da *j'irai*, aikatau ɗaya da aka harhaɗa daga saiwoyi daban-daban: *vais* daga *vadere* na Latin, *irai* daga *ire*. Mu ma muna da zo, amma muna cewa yaka, yaki.

An rufe babin da kalmomin da *go* ya haifa. *Ago* tsohuwar siffa ce mai nufin abin da ya wuce, don haka *three years ago* daidai yake da shekara uku da suka wuce. *Undergo* da *forgo* sun gaji rikicin ubansu: *underwent*, *undergone*, *forwent*, *forgone*. Babu *undergoed*.

16 ga Janairu

An kammala jadawalin siffofi biyar: *go, goes, going, went, gone*. An ƙara ƙa'ida ɗaya da manyan baƙaƙe: in *did* ya shigo, shi ke ɗauke da lokaci, aikatau ya koma siffarsa ta asali.

21 ga Janairu

Gwajin farko a aji bai yi kyau ba, kuma ya tilasta a sauya tsarin littafin gaba ɗaya.

An ba ɗalibai daftarin da aka jera bisa ma'ana: tafiya, barin wuri, canjin hali, aiki kamar na inji, dacewa, ƙarewa, da sauransu, har goma sha biyu. Sun karanta, sun fahimta, sun iya fassara kowane misali zuwa Hausa. Da aka juya aikin, aka ce su fassara daga Hausa zuwa Turanci, sai tsofaffin kurakuran suka dawo kamar ba a yi darasin ba. *Ya tafi gida* ta fito *He went to home*. *Mun je sayayya* ta fito *We went to shopping*. *Nonon ya lalace* ba wanda ya tuna da *go* a cikinta.

Dalilin a fili yake. Jerin ma'anoni yana taimakon mai karatu wanda ya ci karo da jimla yana neman abin da take nufi. Mai rubutu kuwa ya riga ya san abin da yake son faɗa, abin da ya rasa shi ne me zai sa bayan *go*. Ƙamus an yi shi ne don na farkon, wannan littafi kuma don na biyun ake yinsa.

Sabon tsari: kowane babi zai tsaya a kan abin da ke biye da aikatau. *Go* da wuri, *go* da kalma mai ƙarewa da *-ing*, *going to* da wani aikatau, *go* da sifa, sai *go* da ƙananan kalmomi irin su *on, off, out*. Babin tarihi da jadawalin siffofi za su zauna yadda suke. Shafi tara na tsohon daftari sun tashi a banza, amma yawancin misalan za a iya sake musu wuri.

24 ga Janairu

Babin *go* da wuri. Ƙa'idar tushe ita ce *go to* sannan sunan wuri: *go to Zaria*, *go to the market*. Kalmomin da ba sa ɗaukar *to* 'yan kaɗan ne, sai a haddace su: *home, there, abroad, upstairs, downstairs, inside, outside*. Waɗannan a nan bayanau ne, sun riga sun ƙunshi ma'anar "zuwa" a cikinsu.

Wurin da ya fi buƙatar natsuwa shi ne *the*. *Go to school* na ɗalibi ne mai zuwa karatu. *Go to the school* na uba ne da ya je ganin shugaban makaranta. Haka *go to prison* ɗauri ne, *go to the prison* ziyara ce. *Go to bed* da *go to work* ba su da *the*. A asibiti an samu saɓani: Turancin Ingila yana cewa *go to hospital* ga mara lafiya, na Amurka yana cewa *go to the hospital* ko ma wane ne. An bi na Ingila, tunda shi ake koyarwa a makarantunmu, aka ambaci ɗayan a ƙasan shafi.

An liƙa babin *-ing* a nan domin gajere ne: *go shopping, go fishing, go hunting, go swimming*, babu *to* a tsakani. Sai *go for a walk*, *go on a trip*, *go on strike*, da *go by bus* amma *go on foot*.

28 ga Janairu

Yau aka taɓa abin da ya fi kowane daɗin koyarwa, domin Hausa ta riga ta yi rabin aikin. Aikatau na Hausa yana nuna alkibla da wasalin ƙarshe: fita da fito, shiga da shigo, koma da komo, sauka da sauko, tafi da taho. Wanda ya ƙare da o yana nufo inda mai magana yake. Turanci ba shi da wannan ɗafi, sai ya raba aikin tsakanin *go* da *come*: fita *go out*, fito *come out*, shiga *go in*, shigo *come in*, koma *go back*, dawo *come back*. Kai da kawo ma haka, *take* da *bring*. Da aka rubuta wannan jeri a allo, gefe da gefe, ɗalibai da kansu suka ƙarasa sauran.

Tarko biyu ne a nan. Na farko, zuwa a Hausa tana yi wa je da zo aiki duka biyu. *Ina zuwa Kano gobe* tana iya zama *I am going to Kano* in wanda ake gaya wa ba a Kano yake ba, ko *I am coming to Kano* in yana can. Sai ɗalibi ya tambayi kansa ina mai sauraro yake kafin ya zaɓa. Na biyu, *ina zuwa* da muke faɗa in za mu tashi mu dawo nan da nan. A Najeriya kowa ya san abin da *I'm coming* ke nufi a irin wannan hali, amma Bature zai ji ka ce kana tahowa alhali yana ganin ka juya baya. A rubutun jarrabawa *I'll be right back* ake so. An rubuta wannan ba da sigar aibata Turancin Najeriya ba, domin yana da nasa hurumi. An dai nuna wanne ake amfani da shi a ina.

*Gone* da *been* ma Hausa ta warware su. *He has gone to Kano*, ya tafi Kano, yana can ko yana hanya. *He has been to Kano*, ya taɓa zuwa Kano, ya dawo. Saboda haka mutum ba zai tsaya gabanka a Katsina ya ce *I have gone to Kano* ba.

31 ga Janairu

Aikin gwaji na babi biyu da suka gabata, jimla ashirin kowanne, duk daga Hausa zuwa Turanci.

4 ga Fabrairu

Babin *going to*. Tun ƙarshen ƙarni na 15 ake samun misalan da *going to* ya fara barin ma'anar tafiya da ƙafa yana komawa ma'anar niyya, kuma a ƙarni na 17 ya bazu. Hanyar da ya bi mai sauƙin ganewa ce: wanda ya tafi don ya yi abu bai yi shi ba tukuna, nan gaba zai yi. Da tafiya ta yi tafiya sai aka manta da tafiyar, aka riƙe gaban, har ana iya cewa *I am going to stay here*, ko ma *I am going to go*.

Hausa ta bi wannan hanya ita ma. *Za* ɗin da ke cikin *za ni kasuwa* da *ina za ka?* aikatau ne na tafiya, kuma masana nahawun Hausa suna danganta shi da *za* ɗin da ke cikin *za ka ci*, *za su zo*. Faransanci yana da *je vais manger*. Buroka kuma ta ɗauki *go* ɗin kansa ta mai da shi alamar lokaci mai zuwa, *I go come*. Wannan na ƙarshen yana cikin abubuwan da ke sa ɗalibai jefar da *am, is, are*. Siffar ba ta cika sai da guda uku: *am*, *going to*, sannan aikatau a siffarsa ta asali.

An so a daidaita *going to* da *will* da lokuta masu zuwa biyu na Hausa, wato zan zo da nā zo. An gwada da misalai, bai zauna ba. Nā zo tana ɗauke da sassauci da rashin tabbas, *will* kuwa tana iya zama alkawari mai ƙarfi. An cire wannan kwatanci ɗungurungum don kada a dasa sabon kuskure. Abin da aka bari shi ne bambanci biyu masu tabbas: *going to* ga niyyar da aka riga aka ƙulla da kuma abin da ake ganin alamarsa yanzu, kamar hadari ya haɗo a ce *It is going to rain*, *will* ga shawarar da aka yanke nan take, kamar waya ta yi ƙara a ce *I'll answer it*.

Game da *gonna*, wadda matasa ke tsinta a finafinai da waƙoƙi: ta magana ce, ba ta shiga rubutun jarrabawa. Tana kuma da amfani ɗaya a aji. Ana iya cewa *I'm gonna eat*, ba a iya cewa *I'm gonna Kano*. Wannan ya isa hujja cewa *going to* iri biyu ne, na niyya da na tafiya.

7 ga Fabrairu

*Go* da sifa. A nan *go* yana nufin rikiɗa, kuma galibi zuwa abin da ba a so: *go bad, go sour, go blind, go deaf, go mad, go bald, go wrong, go missing, go bankrupt*. Hausa takan yi wannan da kalma guda: ya makance, ya kurmance, ya haukace, ya lalace. Launuka ma suna shiga, *go grey* ga mai furfura. Iyakarsa ita ce abin lura: ba a cewa *go old*, *go tired*, *go ill*, waɗannan na *get* ne, ko *grow old* da *fall ill*. Babu ƙa'idar da ta game duka, don haka an ba da jeri goma sha biyu aka ce a tsaya a kansu.

11 ga Fabrairu

Babin ƙananan kalmomi ya kumbura har shafi takwas, littafin ya kai shafi 27. Littafin da ake naɗewa a tsakiya dole shafukansa su rabu huɗu-huɗu, saboda kowace takardar A4 shafi huɗu take bayarwa. Ko dai a tafi 28, ko a dawo 24. An dawo 24.

Waɗanda suka tsira: *go on, go off, go out, go through, go over, go ahead, go up, go down, go without, go with*. *Go off* ya ci shafi guda shi kaɗai, kuma ya cancanta, domin yana da ma'anoni masu kama da kishiyoyin juna. Bam ya tashi, *went off*. Ƙararrawar agogo ta kaɗa, *went off*. An ɗauke wuta, *the power went off*. Madara ta lalace, a Turancin Ingila *went off*. Ɗalibin da ya ga *the alarm went off* yakan ɗauka ta mutu ne, alhali ƙara ta yi. An kuma bambanta *went on talking*, ya ci gaba da magana, da *went on to talk about fees*, ya gama wancan ya shiga maganar kuɗin makaranta.

An bar ɗan akwati ga *go-slow*, wadda muka ara muka ce gosulo. A Ingila tana nufin ma'aikata su rage saurin aiki da gangan don neman haƙƙinsu. Cunkoson motoci a can *traffic jam* ne.

14 ga Fabrairu

Naɗin sauti. Zaman farko bai yi amfani ba: an yi shi da rana cikin aji mai siminti, ga amsa-kuwwa ga ƙarar janareta daga maƙwabta, kuma an naɗe komai a fayil ɗaya mai minti goma sha takwas wanda ba mai son ƙona data a kansa. An sake da sassafe a ƙaramin ɗaki mai labule da darduma, da ɗan makirfon maƙalawa a wuyan riga, tazarar taƙi guda daga baki. An yanka shi guntu-guntu, kowanne bai kai minti biyu ba.

Abin da aka fi mai da hankali a kai: wasalin *go* tagwai ne, yana farawa a wuri ɗaya ya zame zuwa u, ba dogon o na goro ba ne. *Gone* a Turancin Ingila gajere ne, yana tafiya da *on*, ba da *bone* ba. Sannan *go, goes, gone* da *do, does, done* a rubuce kamar 'yan gida ɗaya, a furuci babu guda da ya yi daidai da takwaransa. An ƙara *went* da *want* a jere, saboda ana yawan musanya su a shifta.

Kuɗi: makirfo ₦4,500, data ₦3,000.

19 ga Fabrairu

Kwafin gwaji ya fito daga shagon buga takardu da akwatuna a gurbin ƙ, ɗ, ɓ, da kuma ā da ē na babin tarihi. Kwamfutar shagon ba ta da nau'in rubutun da aka yi aikin da shi, sai ta musanya da wani wanda ba shi da waɗannan haruffa. Layuka ma sun goce, shafi na 24 ya zube zuwa na 25. Magani: an mai da dukan rubutun zuwa Charis SIL, wanda ake samu kyauta kuma yana da haruffa masu lanƙwasa da alamomin furuci, sannan aka fitar da shi a PDF yadda haruffan ke tafiya tare da fayil ɗin. Kada a kai wa mai bugawa fayil ɗin Word.

Jerin shafuka ma sai da aka duba da hannu. Takarda ta farko tana ɗaukar 24 da 1 a fuska ɗaya, 2 da 23 a bayanta. Ta biyu 22 da 3, sannan 4 da 21. Haka har ta shida. A naɗe kwafi ɗaya a karanta shi daga farko zuwa ƙarshe kafin a ce a buga sauran.

Lissafin kwafi 60: takarda shida-shida, fuska 12 kowane kwafi, fuska 720 ke nan a kan ₦30, ₦21,600. Bango na kati ₦100 kowanne, ₦6,000. Naɗewa da dannewa ₦1,500. Jimla ₦29,100, wato ₦485 kowane kwafi. In an haɗa da kuɗin sauti, ₦36,600.

22 ga Fabrairu

An karɓo kwafi 60. Uku sun fito da takardar tsakiya a juye, an warware an sake dannewa.

26 ga Fabrairu

An raba littafin, an sake ba da irin gwajin 21 ga Janairu da sababbin jimloli. *Go to home* da *go to shopping* sun kusan ɓacewa, *gone* da *been* sun zauna. *Did you went* bai tafi ba. Yana raguwa a jimla guda-guda, amma yana dawowa da zarar an shiga dogon labari. Wannan ba na *go* kaɗai ba ne, ya shafi duk aikatau masu sauya siffa, don haka yana buƙatar atisaye na baki, tambaya da amsa cikin sauri, minti biyar a farkon kowane darasi. *Go* da sifa ma har yanzu ana gane shi a karatu amma ba a kawo shi a rubutu.

Azumi na gab da kamawa, ajin yamma zai tsaya. A cikin watan za a rubuta takardar atisaye ta *did* mai fuska biyu, a naɗi sautuka biyar na tambaya da amsa, a kuma maido da *go by, go for, go into* da aka cire, in an samu kuɗin tafiya shafi 28 a bugu na biyu. Bayan Sallah za a fara tattara kurakuran *get* daga takardun insha'i, kuma tun daga farko za a jera shi bisa abin da ke biye da shi.